Anti, in sayar da gwal ɗina in je Turkiyya dashen gashi?

Assalamu alaikum Anti. Shekaruna 34, 'ya'yana uku, ƙaramar watanta bakwai, ina shayarwa. Gashin goshina da na saman kunnuwa ya fara ja baya tun ina makarantar kwana, lokacin da ake mana ƙananan kitso ya yi wata guda a kai. Bayan aure na shiga sa rilaksa, kuma ina son kitson da aka ja sosai saboda ya fi daɗewa. Yanzu gefe biyun nan fata ce sumul, har ƙyalli take yi. Tun da na haihu abin ya ƙaru, in na taje kai sai mataji ya cika. Kwanan nan kuma tsakiyar kaina ta fara ƙaiƙayi da zafi-zafi, gashin wurin ya yi shara-shara. Babu man da ban shafa ba, man kaɗanya, karkar, chebe, har da haɗin da ake sayarwa a WhatsApp. An ce sammu ne, na sha rubutu. Ko a ɗaki ba na cire ɗankwali gaban maigida. Bai taɓa cewa komai ba, amma na san yana gani. Na ga tallar wani asibiti na Istanbul a Instagram, na tura musu hoton kaina, cikin awa ɗaya suka ce na dace da dashe, kuma akwai rangwame in na biya kafin ƙarshen wata. Ina da sarƙa da awarwaro na gwal da mahaifiyata ta bar min. Anti, dashen nan yana yi wa mata? Halal ne? In sayar da gwal ɗin in tafi?

Daga ƙanwarki a Kano.

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah Ya raya miki zuri'a, Ya jiƙan mahaifiyarki.

Ki mayar da gwal ɗin nan inda kike ajiye shi, ki kulle. Ban ce dashen gashi ƙarya ba ne. Aiki ne na gaske, ana yi wa mata, kuma akwai alamar wani sashe na kanki zai iya amfana da shi nan gaba. Amma ba wannan watan ba, ba wannan shekarar ba ma, kuma ba a hannun mutanen da suka yanke miki hukunci da hoton waya cikin awa ɗaya ba.

Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma abin da na gani shi ne kin haɗa matsala uku kin kira su da suna ɗaya. Kowacce da dalilinta, kowacce da maganinta. Ɗaya za ta tafi da kanta. Ɗaya dashe zai iya gyarawa. Ɗayar kuma, in ta tabbata, dashe a yanzu asarar kuɗi ce da asarar gashi a lokaci guda.

Matajin da ke cika tun bayan haihuwa shi ne mafi sauƙi. Kan mutum yana ɗauke da gashi kimanin 100,000, kuma zubar sili 50 zuwa 100 a rana ba ciwo ba ne. Lokacin goyon ciki sinadarin isturojin yana hauhawa a jiki, sai ya riƙe gashin da ya kamata ya zube, shi ya sa kan mai ciki yake cika. Da an haihu sinadarin ya sauka, sai duk gashin da aka riƙe ya zubo kusan tare, yawanci daga wata na biyu zuwa na huɗu. Mafi yawan mata kansu yana komawa daidai kafin yaro ya shekara ko jim kaɗan bayan haka. Abin da kan hana shi dawowa da wuri shi ne ƙarancin jini da ƙarancin sinadarin ƙarfe, wanda ba baƙon abu ba ne ga macen da ta yi haihuwa uku tana kuma shayarwa, sai matsalar tayirod, wato halittar nan ta gaban wuya da in ta kumbura muke cewa maƙoƙo, wadda takan rikice bayan haihuwa. Gwajin jini ne ke nuna su. Ki roƙi a duba miki yawan jini, da feritin, wato ajiyar sinadarin ƙarfe a jiki, da tayirod.

Sai gefen goshi da saman kunnuwa. Wannan ciwon namu ne, mu muka yi wa kanmu, iyayenmu suka fara mana. Kowace mace ta san kitson da ake tashi daga gaban makitsiya gira ta ɗage sama, ido ya ja baya, daren ranar ba a iya ɗora kai a matashi sai an haɗiyi farasitamol. Washegari a ga ƙananan ƙuraje sun fito a gindin kowane kitso, a ce ai alamar kitson ya kama ne. Waɗannan ƙurajen kukan saiwar gashi ne. A yi haka shekara biyar, goma, ashirin, a ƙara da rilaksa da ke raunana silin, a ƙara da ribom da ake ɗaure jela da shi tamau a ƙarƙashin hijabi daga asuba har dare, sai saiwar ta gaji ta mutu, tabo ya maye gurbinta. Wata likitar fata ta Afirka ta Kudu, Farfesa Nonhlanhla Khumalo, ta duba kawunan mutane a yankin Cape Town, ta wallafa a 2007 cewa kashi 31.7 cikin ɗari na matan da ta duba suna da wannan zubewar gashi ta ja, kuma a cikin 'yan mata 'yan makaranta kashi 17.1 sun riga sun fara. Binciken ya nuna haɗarin ya fi yawa idan aka yi kitso mai ja a kan gashin da aka sa wa rilaksa, wato daidai abin da kika ce kina yi. Ba ke kaɗai ba ce. Ɗankwali ne kawai ke rufa mana asiri a gidajen biki.

Wannan ciwon mataki biyu gare shi. Da farko saiwar tana raye, in an daina ja gashi zai dawo. In aka yi sake ya daɗe, fatar takan yi sumul, ƙananan ƙofofin da gashi ke fitowa su shafe. Ki tsaya gaban madubi da rana, ki haska wurin sosai. In kina ganin ƙananun gashi masu laushi da ɗigo-ɗigon ƙofofi, da sauran rai. In fata ce tas mai ƙyalli, babu man da zai tsirar da gashi a wurin, ko nawa aka sayar miki da shi. Man kaɗanya yana tausasa gashi. Chebe, yadda matan Chadi suke amfani da shi, a jikin silin gashi ake shafawa don ya rage karyewa ya samu ya yi tsawo, ba a fatar kai ba, kuma bai taɓa tayar da saiwar da ta mutu ba. Haɗin WhatsApp kuwa ki daina yau ɗin nan. Ba ki san abin da ke ciki ba, kuma fatar da ke ƙaiƙayi da zafi ba wurin gwaji ba ce.

To a irin wannan sanƙon gefe ne dashe ya fi yi wa mace kyau, domin wurin da ya lalace ƙayyadadde ne, kuma gashin ƙeya yawanci yana nan da ƙarfinsa.

Abin da ya tayar min da hankali a wasiƙarki shi ne tsakiyar kai. Ƙaiƙayi, zafi-zafi, da gashi da ke raguwa daga tsakiya alamu ne da likitocin fata ba sa wasa da su a kan baƙar mace. Akwai wata cuta da ake taƙaita sunanta da CCCA, wadda kusan duk masu ita mata ne 'yan asalin Afirka, kuma ta fi bayyana daga shekara talatin zuwa sama. Tana farawa a tsakar kai, tana faɗaɗa a kewaye a hankali. Kumburi ne a ƙarƙashin fata yake cin saiwar gashi ɗaya bayan ɗaya, yana barin tabo. Wani lokaci babu alamar komai sai karyewar gashi a wurin, wani lokaci akwai ƙaiƙayi da jin kamar ana tsira allura. Da can ana ɗora laifin duka a kan mataji mai zafi da rilaksa, amma a 2019 masu bincike sun gano canji a wata ƙwayar halitta mai suna PADI3 a jikin wasu daga cikin masu cutar, abin da ya nuna akwai gado a ciki. Ki tuna da kyau, ko mahaifiyarki, ko innarki, ko yayarki akwai mai sanƙon tsakar kai? Ki faɗa wa likita in akwai.

Ban ce kina da ita ba. Ƙaiƙayin kai zai iya zama amosani, zai iya zama ƙunar rilaksa, zai iya zama ɗaya daga mayukan da kike shafawa ne jikinki bai karɓa ba. Raguwar gashin tsakiya kuma zai iya zama irin na gado da ke kama mata, inda tsagar tsakiya ke ƙara faɗi da shekaru. Amma bambance su aikin likitan fata ne, da na'urar ƙara girma da yake ɗorawa a kan fatar, wani lokaci kuma sai an yanki 'yar fata kamar milimita 4 an kai ɗakin gwaji. Dalilin da ya sa na matsa a kan wannan shi ne, in cutar ce kuma tana kan ci, duk gashin da aka dasa a wurin ita za ta cinye shi, kuma yankan ma zai iya ƙara tunzura ta. Likitocin da suka san aikinsu ba sa dashe a irin wannan kai sai cutar ta lafa na shekara ɗaya zuwa biyu, kuma sukan fara da gwajin 'yan saiwoyi kaɗan su ga ko za su rayu. A ɗaya gefen, in aka kama ta da wuri ana iya tsayar da ita da maganin shafawa, da allurar rage kumburi da ake yi a fatar kai, da ƙwayoyi irin su doksisaikilin ga wadda ba ta da ciki ba ta shayarwa. Gashin da ya rage ake ceto. Duk watan da kika ɓata kina jiran biza, in wannan ce, gashi ne ke tafiya ba dawowa.

Yanzu bari in gaya miki mene ne dashen kansa, don ki san abin da ake son sayar miki.

Ba a ƙirƙirar sabon gashi, ba a kuma ɗauko na wani a sa miki. Naki ne ake cirowa daga ƙeya da saiwarsa a kai shi inda babu. Kamar mai lambu ne da ya tumɓuke yabanyar albasa daga fangalin da ya cika ya dasa a wanda ya yi fili: albasar ba ta ƙaru ba, wuri ta sake, kuma in ƙasar sabon fangalin tana da cuta dashen ba zai kama ba. Likitocin Japan ne suka fara aikin ta hanyar zamani, Shoji Okuda ya wallafa nasa a 1939, sannan a 1959 wani likitan fata na New York, Norman Orentreich, ya bayyana ƙa'idar da aikin ya ginu a kai har yau, cewa gashin da aka ɗauko daga ƙeya yana riƙe halinsa na ƙeya duk inda aka kai shi. Shi ya sa aikin ya fi dacewa da maza. Ki dubi kowane mai sanƙo a masallaci ko a kasuwa, sama ta tafi amma ƙeya da gefe suna nan cunkus. Mata da yawa kuwa nasu ba haka yake ba, gashin yana sirancewa ne ko'ina har ƙeyar, sai ya zama babu inda za a ɗebo mai ƙarfi. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa har yanzu mata ba su kai ɗaya cikin biyar na masu yin dashe a duniya ba.

Hanya biyu ake bi. A ta farko, da ake kira FUT, ana yanko siririn zirin fata daga ƙeya, a ɗinke wurin, sannan a rarraba zirin a ƙarƙashin madubin likita zuwa ƙananan gungu, kowane gungu da sili ɗaya zuwa huɗu. Tana barin tabo dogo guda ɗaya wanda gashi ke rufewa, kuma ba sai an aske kai ba, abin da ya sa mata da dama suka fi son ta. A ta biyu, FUE, wadda ta yaɗu bayan 2002, ana amfani da 'yar na'ura mai bakin da bai wuce milimita ɗaya ba ana ciro gungun ɗaya bayan ɗaya. Tabonta ɗigo-ɗigo ne, amma yawanci sai an aske ƙeya. Ita ce masu talla suka fi yayatawa, har suna cewa babu tabo, wanda ba gaskiya ba ne. Duk wadda aka bi, allurar kashe zafi ake yi a fatar kai, mutum idonsa biyu, aikin yana cin awa huɗu zuwa takwas, a dasa ɗaruruwa ko dubban gungu a ƙananan ramukan da aka huda.

Ga inda namu ya bambanta, kuma nan ne nake so ki buɗe kunne. Gashinmu ba a waje kaɗai yake murɗewa ba, saiwar ma a lanƙwashe take a cikin fata. Na'urar FUE kuwa miƙaƙƙiya ce. Wanda ya saba da gashin Turawa ko Larabawa ko Turkawa, in ya soka ta yadda ya saba, sai ya datse saiwar biyu. Saiwar da aka datse ta tafi ke nan, ba ta tsira a goshi ba, kuma da wuya ta koma yadda take a ƙeya. Akwai na'urori da dabaru da aka tsara domin irin gashinmu, amma sai wanda ya yi aikin sau da yawa. Na biyu, fatarmu ta fi saurin yin tabo mai tudu da ke ci gaba da girma, wanda likitoci ke kira keloyid. Ki duba hujin kunnenki, wurin lambar rigakafi a kafaɗa, da wurin tiyata in an taɓa yi miki. In akwai inda tabo ya kumbura ya wuce iyakar ciwon, dole likita ya sani kafin ya taɓa kanki, mai yiwuwa ma ya hana ki aikin. Amma muna da riba ɗaya: murɗaɗɗen gashi yana rufe fata fiye da miƙaƙƙe, saboda haka gungu kaɗan kan cike mana wurin da wasu sai sun ninka.

Hotunan kafin da bayan aiki da kike gani a Instagram sun tsallake tsakiyar labarin. Bayan aiki goshi kan kumbura na 'yan kwanaki, wurin ya yi ɓawo. Kwana goma na farko saiwoyin ba su gama kama fata ba, gogawa kaɗan na iya fizgo su, don haka babu ɗaura ɗankwali a kai, babu hular hijabi mai matsewa, kwanciya ma a rigingine da kai a ɗage. Tun kafin ranar ki tambayi likita da malami yadda za ki yi da shafar kai a alwala, da wankan tsarki, da sujada, tunda a bakin goshi za a yi dashen. Daga mako na biyu zuwa na takwas gashin da aka dasa zai zube kusan duka, saiwar ce ke zama. Wasu matan har gashinsu na asali da ke kusa da wurin yakan zube na ɗan lokaci saboda girgizar aikin. Sabon gashi yana fara leƙowa a wata na uku ko na huɗu, yana tsawo kamar santimita ɗaya a wata, kuma ba a ganin cikakken sakamako sai shekara ɗaya zuwa shekara ɗaya da rabi. Ko a lokacin ba zai kai cikar gashinki na budurci ba, zai dai rufe fata, kuma wasu sai sun koma zagaye na biyu. Ki auna duk wannan da jaririya 'yar wata bakwai a hannu, da rana da ƙurar Kano.

Kuma in kika koma gaban makitsiya ta ja sabon gashin yadda ta ja tsohon, zai mutu kamar yadda wancan ya mutu. Ƙeya ba rijiya ba ce, abin da aka ɗiba ba ya tsirowa.

Batun Turkiyya. Gaskiya ne Istanbul ta zama babbar cibiyar dashen gashi a duniya, akwai ƙwararrun likitoci a can, kuma ya fi sauƙin kuɗi a kan Turai. A Birtaniya, hukumar lafiyarsu ta NHS ta ce aikin kan ci daga fam 1,000 har zuwa fam 30,000. Amma ko a Turkiyya, in kika haɗa kuɗin aiki da jirgi da biza da masauki da na muharramin da zai raka ki, maganar miliyoyin Naira ake yi. Yawan kasuwar kuma ya jawo wuraren da likita ke leƙowa ya zana layi a goshi ya fita, ma'aikatan da ba likitoci ba su yi sauran aikin, a yi wa mutane da yawa a rana ɗaya. Ƙungiyar likitocin dashen gashi ta duniya, ISHRS, ta daɗe tana gargaɗi a kan irin waɗannan wurare. Ɓarnar da suka fi yi ita ce ɗibar ƙeya fiye da ƙima don a ce an ba ki gungu dubu kaza, sai ki dawo gida goshi bai cika ba ƙeya kuma ta zama kamar asu ya ci zane. Ban san wurin da kika tura wa hoto da ido ba kuma ba zan yi musu ƙazafi ba, amma ki duba abin da suka yi. Sun tambaye ki kina shayarwa? Sun tambayi ƙaiƙayin tsakar kai? Sun nemi gwajin jini, ko sun tambayi hawan jini, ciwon suga, sikila? Wanda ya ce kin dace bai tambayi ko ɗaya ba, ya kuma ɗora miki wa'adin ƙarshen wata, ɗan kasuwa ne ya amsa miki, ba likita ba.

In lokacin ya zo, a gida ne ko a waje, ki nemi sunan likitan da zai yi aikin da hannunsa, ki tabbatar yana da rajista. A Najeriya hukumar MDCN ce ke riƙe da rajistar likitoci. Ki ce a nuna miki hotunan baƙaƙen mata masu irin gashinki da irin ciwonki, hotunan bayan shekara guda, goshi da ƙeya duka. Ki tambayi gungu nawa za a ɗiba, nawa zai rage miki. Ki tambayi wa zai duba ki in wurin ya yi ruwa bayan kin dawo Kano. Likitan da ya ce miki ba yanzu ba ya fi wanda ya ce zo gobe daraja.

Tambayarki ta halacci tana da amsa bayyananniya, alhamdu lillah. Abin da hadisi ya la'anta shi ne ƙarin gashi, mai ƙarawa da wadda ake ƙara wa. A ruwayar Asma'u 'yar Abubakar da ke Bukhari da Muslim, wata mata ce ta zo wurin Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, tana neman izinin ƙara wa 'yarta amarya gashi saboda ciwo ya zubar mata da shi, bai ba ta izini ba. Dashe kuwa naki ne ake mayar miki, yana da rai, yana tsiro, ruwan alwala yana taɓa shi. Malamai da yawa na wannan zamani sun sanya shi a babin gyara aibi da neman magani, ba canza halitta ba. Sheikh Ibn Usaimin ya halatta shi, ya kafa hujja da hadisin mutum uku na Bani Isra'ila, kuturu da mai sanƙo da makaho, inda mai sanƙon ya roƙi gashi mai kyau aka ba shi. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya da ke ƙarƙashin ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OIC, a zamanta na 18 a Putrajaya ta ƙasar Malesiya a 2007, ta ambaci dashen gashi idan ya zube, musamman ga mace, cikin tiyatar gyaran jiki da ta halatta. Abin da aka hana shi ne cutar da kai da almubazzaranci, kuma nan ne maganar gwal ta shigo. Dukiyarki ce, kina da ikon sayarwa. Amma gadon uwa ba a mayar da shi kuɗin aikin da ba a ma tabbatar kina bukata ba.

Maganar sammu kuma, addu'a ba ta taɓa zama asara ba, ki ci gaba da azkar. Sai dai ke da bakinki kin lissafa min shekara ashirin na kitso mai ja da rilaksa. Kar ki zargi kowa a dangi ko a maƙwabta kan abin da dalilinsa ke fili.

Akwai magunguna kafin a kai ga wuƙa. Minoksidil shi ne na shafawa da aka fi tabbatar da amfaninsa ga mata, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da mai ƙarfin kashi 2 ga mata a 1991, da mai kumfa na kashi 5 a 2014. Yana ɗaukar wata huɗu zuwa shida kafin a ga canji, kuma a zubewar gado in an daina gashin da ya kawo yakan koma. Yana iya taimaka wa saiwoyin gefen da ba su gama mutuwa ba. Amma kina shayarwa, don haka kar ki saya a kemis ki fara, sai likita ya ce. Ƙwayoyi irin su finasterayid da sipironolakton kuwa haɗari ne ga ɗan tayi, mai shirin ƙara haihuwa ba ta kusantarsu ba da umarnin likita ba. In wata ƙawa ta ba ki na mijinta, ki mayar mata.

Abin da ke hannunki tun yau shi ne sakin gashin. Ki ajiye rilaksa. Ki yi manyan kitso, huɗu ko shida, sako-sako, makitsiya ta bar gashin bakin goshi kar ta kama shi, kuma kar ya wuce mako biyu. In kitso ya yi zafi a gabanta ki ce ta kwance, ko da za ta ce kin cika raki. Ribom ki ɗaure shi ƙasa-ƙasa ba tamau ba, ɗankwali kuma ki daina ɗaure shi a kan layi ɗaya kullum. In a cikin manyan 'ya'yanki akwai mace, ki duba gefen goshinta yau. Kitson Sallah da ake yi wa yarinya 'yar shekara biyar tana kuka ana riƙe ta, daga nan ake farawa.

Maigida kuma, shekara nawa za ki yi kina kwana da ɗankwali a ɗakinki? Kin ce ya sani kuma bai taɓa goranta miki ba. Mutumin kirki ne ke nan, ki yi amfani da kirkinsa. Ki zaunar da shi ki nuna masa, ki ce ciwo ne mai suna kuma kina son ganin likita. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma in ta kai ga dashe shi zai raka ki, shi zai ga kanki a aske da ɓawo. Gara ya fara gani yanzu.

Ki nemi likitan fata, ba mai sayar da mai ba, ba wurin gyaran jiki ba. Tunda kina Kano, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana da su, haka ma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Ki tafi da duk kwalaben da kika taɓa shafawa a leda ɗaya, da tsofaffin hotunanki da kai a buɗe in kina da su, ko na ranar kamu ne, don ya ga inda gashin yake a da. Ki faɗa masa kina shayarwa, da ko kina shirin wani cikin, da yadda al'adarki take. Ki ɗauki hoton goshi da gefe da tsakar kai a wuri ɗaya da haske ɗaya kowane wata, su ne za su nuna ko abin ya tsaya. Ranar zuwa asibitin ki je da kai a tsefe, a wanke, ba mai ba lalle, domin fatar yake son gani.